Kafin ka biya kuɗin gida a Yamai: yadda ake duba shi tun daga bakin titi har zuwa takarda

Yayata ta sayi gidanta cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke kan ganiyarsa, ƙasa ta bushe ƙamas. Ɗaki uku ne da falo, an yi masa sabon fenti ruwan madara, an shimfiɗa karo har tsakar gida. Sau ɗaya ta shiga tare da dillali, ta zaga, ta yaba, bayan sati biyu ta biya. Kuɗin da ta yi shekara 11 tana tarawa ne, haɗe da gadonta na wajen mahaifinmu. Cikin watan Agusta ta kira ni da asuba, muryarta na rawa: "Auta, zo ka gani, ruwa ta ƙasa yake fitowa." Na je na tarar da ruwa yana tsattsafowa tsakanin karo, gindin bango ya yi baƙi har gwiwa, masai ya cika ya dawo. Har yau tana cikin gidan, har yau kuma kowace damina tana gyara.

Tun daga lokacin na raka mutane da dama duba gida, tare da wani dattijon magini da na koyi abubuwa masu yawa a hannunsa. Abin da na fahimta shi ne, a garin nan ruwa ke kashe gida, kuma ta hanya uku yake zuwa: daga sama, daga titi, da kuma daga ƙarƙashin ƙasa. Da rani duk ukun suna ɓoye. Aikin mai duba gida shi ne ya nemo sawun da suka bari.

Ka je sau uku, ba sau ɗaya ba

Zuwan farko da dillali ne, don ka ga ko gidan ya kwanta maka. Na biyu ka je da magini wanda kai ka nemo, kai za ka sallame shi, ba wanda mai gida ko dillali ya kawo ba. Na uku ka je kai kaɗai ka zauna da maƙwabta. In da hali, ɗaya daga cikin ukun ya faɗo washegarin ruwa mai ƙarfi. Daminar Yamai daga Yuni ne zuwa Satumba, Agusta ne tsakiyarta. Wanda zai iya haƙuri har ya ga gidan cikin Agusta ya rage wa kansa rabin wahalar bincike. Dillali zai ce akwai wani Alhaji da ke shirin biya gobe. Wataƙila gaskiya ne. Amma gara gidan ya wuce ka da ka sayi abin da zai cinye ka.

Ka riƙe tocila, ƙaramar guduma, sukundireba, igiyar awo, buta cike da ruwa, da cajar waya don gwada wuta. Ka tabbatar akwai tsani. Ka je da rana tsaka, ba da magariba ba.

Tsaya a titi tukuna

Kafin ka taka zaure, tsaya nesa kaɗan ka dubi inda gidan ya zauna. Titi ne ya fi tsakar gidan tudu, ko tsakar gidan ce ta fi titi? A unguwanni da yawa an yi ta zuba jar ƙasa, ko an shimfiɗa dutsen daɓe, har titin ya haye saman gidajen da aka gina tun da. Irin wannan gida kwano ne, duk ruwan layin cikinsa zai zuba. Alamarsa ba ta ɓuya: an gina ɗan guntun bango a bakin ƙofa sai an tsallaka, ko akwai buhunan yashi da suka yage a gefe, ko maƙwabta duk sun ɗaga dokin ƙofarsu. Dubi katangar maƙwabcin da bai yi fenti ba. In akwai layi miƙaƙƙe inda launin bango ya canza, nan ruwa ya tsaya.

Sai ka tambayi kanka a wane ɓangaren gari kake. Kogin Kwara yana cika sau biyu a shekara a Yamai. Akwai cikar damina, mai jan ruwa, wadda ke zuwa Agusta da Satumba daga rassa irin su Sirba, Dargol da Gorouol, akwai kuma wadda ke isowa daga Gini cikin sanyi. Ta damina ce ke yin ɓarna. A 2012 ta tashi mutane da yawa har aka kai wasu Seno, wani fili da aka ware musu a gefen gari. A Satumban 2020 kogin ya kai kusan mita 7 a ma'aunin Yamai, ruwa ya ci ƙarfin shingen da ke tare shi, ya shiga Lamorde, Karaje da Zarmagandai a Harobanda, Saga ma ba ta tsira ba. Ba ina cewa kada a sayi gida a waɗannan unguwanni ba. Akwai tudu a cikinsu, akwai kwari. Ina cewa ka tambaya kai tsaye: a 2020 ruwa ya shigo layin nan? A 2024 fa? Ya kai ina?

Wanda ke nesa da kogi ma bai tsira ba. A gefen kwarin Gunti Yena, wanda ya ratsa gari ya faɗa kogi, akwai wuraren da ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso kusa da sama, har wasu suka bar gidajensu. In ka ga fili a unguwa da ruwa kwance cikinsa da rani, ko ciyawar fadama ta fito, ko rijiyar maƙwabta guga yana taɓa ruwa da guntuwar igiya, to ka san ƙasan wurin jiƙe yake.

Mutanen da za su gaya maka gaskiya su ne mai shago na kan kwana, ƴan garuwa, limamin masallacin layin, da tsofaffin matan da suka daɗe a wurin. Ka yi sallama, ka gaisa sosai, kada ka fara da zancen saye. Wata tsohuwa ta taɓa ce mini, bayan mun daɗe muna hira: "Ɗan nan, masu haya uku na gani sun shiga gidan nan, ba wanda ya yi damina biyu." Wannan magana ta fi duk abin da guduma za ta nuna mini.

Gindin bango

A nan na fi daɗewa, don a nan gida ke fara mutuwa. Durƙusa ka bi bango daga ƙasa zuwa tsayin ƙugu, ciki da waje, ɗaki bayan ɗaki. Kana neman fentin da ya kumbura, shafen da ke marmashewa in ka goga da yatsa, da farin gari mai kama da kanwa. Wannan farin gishiri ne: ruwa ya hau cikin bulo daga ƙasa, ya bushe, ya bar shi. Duk inda ka gan shi, ruwan na nan yana hawa, kuma fenti ba ya maganinsa.

Ka kula da gidan da aka manna wa karo a gindin bango kawai, tsayin mita ɗaya, musamman a ɗakin kwana. Wani don ado yake yi, amma sau da yawa danshi aka rufe. Dubi saman layin karon. In fenti ya fara tashi a wurin, ruwan ya haye ne ya sami mafita. Ka sa a janye kabad da gado daga jikin bango. In an hana, wannan ma amsa ce. Ka rufe ƙofa da taga na ɗan lokaci ka shaƙi iskar ɗakin: warin ruma ba ya ɓuya, sai dai a turara turaren wuta a kansa.

Sai daɓe. Ƙwanƙwasa karo da gindin sukundireba. Wanda ya zauna daram ƙararsa a toshe take, wanda ƙasa ta zame masa yana amsawa kamar ganga. Ɗaya ko biyu ba komai ba ne. In rabin ɗaki ne, cikon ƙasan bai daku ba, ko ruwa yana kwashe shi. Zuba ruwan buta a tsakar gida da cikin makewayi ka ga inda ya nufa. Ya kamata ya bi hanyar fita, ba ya koma gindin ɗaki ba.

Tsaga iri-iri ce

Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, yana busar da shafe har ya yi ƴan siraran tsagogi kamar saƙar gizo. Wannan ta fata ce. Wadda ake gudu ita ce mai bin layin bulo kamar matakala, ko wadda ta tashi daga kusurwar taga ko ƙofa ta yi gicciye, ko mai faɗi a sama tana tsukewa a ƙasa. In faɗinta ya wuce milimita 2, har bakin kwabo yana shiga, ka zaga bayan bangon. In ka same ta a can ma, bangon ne ya rabu, kuma galibi harsashi ne ya zauna ta gefe guda.

Ƙofofi suna tona wannan asiri. Buɗe kowace ka rufe. Wadda ke gogar ƙasa, ko aka fefe bakinta don ta shiga, tana nuna ginin ya motsa. Dubi kuma inda aka ƙara ɗaki daga baya. Mahaɗar tsohon gini da sabo nan ce ta farko da ke darewa. In ka ga wani dogon faci na sabon siminti ƙarƙashin fenti, tambayi abin da aka rufe.

Dattijon maginin nan yana da dabara: ya shafa ɗan farin filasta a kan tsagar, ya rubuta kwanan wata, a dawo bayan sati uku ko huɗu. In filastar ta tsage, ginin bai gama tafiya ba.

Banko ne ko siminti?

A tsofaffin unguwanni irin su Bukoki, Gamkalle da Yantala akwai gidajen banko da aka yi wa rigar siminti, aka yi fenti, har ba ka bambanta su da na bulo. Ginin ƙasa ba aibi ba ne, ya ma fi sanyi, amma kuɗinsa ba ɗaya ba ne, kuma rigar siminti tana riƙe danshi a ciki har ƙasar ta narke ba a sani ba. Auna kaurin bango a bakin taga: bulon siminti mai kaurin santimita 15 ko 20 da shafensa bai kai kaurin bangon ƙasa ba. Buga guduma a hankali. In rigar ta rabu da ƙasa za ka ji fanko.

In na siminti ne, nemi wurin da ba a shafe ba, kamar bayan katanga ko saman rufi, ka karce bulo da ƙusa. Mai kyau yana tirjewa. Wanda aka yi wa rowar siminti, aka buga da yawa daga buhu guda, yana zuba kamar garin rogo. Kankaren ginshiƙi da na rufi kuwa ƙa'idarsa kilo 350 na siminti ne a kowace mita mai cubu, wato buhu 7 na kilo 50. Ba za ka iya auna wannan da ido ba, amma ginshiƙin da ke ɓarewa har ƙarfe ya fito ya yi tsatsa ya riga ya ba ka labari.

Wata magana da ake yawan yi ita ce, "An yi harsashin don bene." Kada ka biya ko dala a kan wannan magana sai an nuna maka zanen ginin, injiniya kuma ya duba.

Hau rufi

Mutane da yawa ba sa hawa, alhali nan ne gyara ya fi tsada. In rufin kankare ne, wanda muke kira dal, nemi inda ruwa ke kwanciya: za ka ga da'irar busasshen laka. Duba indararo, ko sun toshe da ganye da leda, ko kuma a gindin bango suke zubarwa. Dubi kwaltar da aka shafa, ko ta tsattsage. Ƙarafunan da aka bari tsaye don jiran bene, in ba a rufe su ba, tsatsa na bin su har cikin ginshiƙi. Daga cikin ɗaki ɗaga kai da tocila: jan tabo mai bin layi alama ce ƙarfen cikin dal ya fara ci, kuma ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake har ya fasa kankare.

In kwano ne, leƙa ta ƙofar silin da rana tsaka. Duk inda haske ya ɗigo, ruwa zai ɗigo. Dubi yadda aka ɗaure katako ko ƙarfen rufin da bango, domin iskar farkon damina ba ta wasa da rufin da aka ɗora kawai. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, saboda haka bangon gabas da tagoginsa su ke shan dukan ruwa. Ka ba su lokaci fiye da sauran. Ɗakin da ke fuskantar yamma kuma shi ke shan ranar la'asar, ka shiga ka ji shi da kanka.

Kana can sama ka nemi gara. Hanyarta siririn layin laka ne a jikin bango ko katako. Soka sukundireba a katakon rufi, da na ƙofa da kabad. Wanda gara ta ci yana nutsewa ko da fuskarsa lafiya. Dogon yaro a tsakar gida ni'ima ne, amma in yana manne da bango ko ramin masai, saiwarsa na aiki a ƙasa.

Famfo, masai da wuta

Rufe duk famfunan gidan ka je ka tsaya a kan kwantar ruwa minti 15. In tana juyawa, akwai bututun da ya fashe a ƙasa ko cikin bango. Sannan buɗe biyu ko uku lokaci guda ka ga ƙarfin ruwan. Tambayi ƴan garuwa yadda layin yake daga Maris zuwa Mayu, don akwai wuraren da ruwa ba ya hawa sai tsakar dare.

Sa a nuna maka ramin masai da na ruwan wanka, a ɗaga murfi. Yaushe aka kwashe na ƙarshe? In ana kiran motar kwasa sau da yawa a shekara, ƙasar ba ta shan ruwa, ka koma ga maganar ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ka tabbatar ba a gina ɗaki a kan ramin ba, kuma ba a titi ko filin maƙwabci yake ba. In akwai rijiya ko burtsatse, tsakaninta da masai kada ya gaza mita 15, in ya kai 30 ya fi.

Wuta kuwa, gwada kowane soket da cajarka. Dubi akwatin wuta: baƙin ƙuna, warin roba, ko waya da aka haɗa da leda duk alamun haɗari ne. Sa mai gyaran wuta ya buɗe soket biyu ya ga kaurin waya, mai murabba'in milimita 1.5 ta fitila ce, soket yana son mai 2.5, na'urar sanyaya ɗaki kuma tana son layinta daban. A tambaya ko akwai wayar da aka binne a ƙasa don kariya. Gidajen da aka ja wa wuta da siririyar waya su ne ke kamawa da zafi, lokacin da komai ke kunne. Karɓi takardun biyan kamfanin wuta na NIGELEC da na kamfanin ruwa na watannin baya, ka je da lambar kwanta ka tabbatar ba bashi.

Takarda ta fi bango

Bango in ya tsage ana gyarawa, amma gidan da takardarsa ba ta da kyau ana iya fitar da kai da iyalinka. Fara da sanin wace takarda ce a hannun mai gida. Akwai shaidar mallakar gargajiya, wadda ake samu ta hannun mai gari. Ita ce mafi rauni, musamman a gefen gari inda ba a yanka filaye a hukumance ba. Akwai acte de cession, wadda hukumar birni ke bayarwa bayan an yanka fili, ɗauke da sunan yankin, lambar rukuni da lambar filin. Sai titre foncier, wadda ake rajista a ofishin filaye da ke ƙarƙashin hukumar lanho. Ita ce mafi ƙarfi.

Kada ka yarda da hoto ko kwafi, sai ta asali. Sunan da ke kai ya dace da katin ɗan ƙasa na wanda ke sayarwa. In wakili ne, ya kawo takardar wakilci. Ɗauki lambobin ka je ma'aikatar birni da ofishin filaye da ƙafarka, a buɗe littafi a ga sunan wa ke ciki, kuma ko an jinginar da gidan a banki. Sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ba sabon abu ba ne a Yamai, haka ma takardar jabu. Ɗauki ma'aunin fili ya nemo turakun iyaka ya auna. In takarda ta ce murabba'in mita 400, katanga ta zagaye 400, a kuma wurin da lambar ta nuna. Ka tabbatar gidan bai ci titi ba, ba ya cikin filin da aka ware wa makaranta ko kasuwa, ba ya kuma cikin dajin dogon yaro da aka dasa ya kewaye gari, inda mutane suka yi ta gini ba bisa ƙa'ida ba.

Gidan gado yana son haƙuri na musamman. Babban wa zai ce, "Ni ne babba, duk sun yarda." Ka ce masa cikin ladabi, "Alhaji, ban ƙi taka ba, amma ina son in ji daga bakin kowa." Nemi takardar kotu mai nuna magada, da ta zaman iyali da ta ba shi izinin sayarwa. Ka tambayi matan mamacin, da ƴaƴa mata da ke gidan aure, da wanda ke Kwatano ko Libiya, da marayun da ba su balaga ba. Haƙƙinsu ne, kuma wanda aka tsallake yau shi zai kai ka kotu bayan shekara biyar. In akwai ƴan haya a ciki, a yi magana a fili kan ranar tashinsu da kuɗin ajiyar da suka bayar.

Ciniki da biya

Duk abin da ka gani ka rubuta, ka ɗauki hoto. Sa magininka ya yi lissafin gyara dalla-dalla: buhun siminti nawa, kwano nawa, kuɗin aiki nawa. Da wannan takarda za ka zauna ciniki, ba da "a rage mini" kawai ba. Fenti, karo, ƙofa, famfo, har sake jan wuta, duk abubuwa ne da ake cirewa daga farashi. Amma abu uku ni ba na ba da shawarar a yi ciniki a kansu ko an karya kuɗin: ruwan da ke tasowa daga ƙasa, harsashin da ke tafiya, da takardar da ba ta fita ba.

A yanke la'adar dillali tun farko, a san wa zai biya. In za ka ba da kafin alƙalami, a rubuta gaban shaidu cewa za a mayar maka in bincike ya nuna matsala. Sauran kuɗin kuma a biya a ofishin noter, wato jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da takardun ciniki, ta banki, ba cikin jaka a zaure ba. Shi zai rubuta takardar ciniki, ya bi sauya suna, ya gaya maka abin da za ka biya na rajista. Ka tanadi wannan kuɗi daban tun kafin ka fara. Ranar karɓar makulli ka sake zaga gidan ka ga ba a cire famfo, fanka ko ƙofa ba, ka rubuta lambar da kwantar ruwa da ta wuta suka tsaya a kai, ku sa hannu ku biyu. Washegari ka canza kwaɗuna, ka je a mayar da kwantocin da sunanka.